Hukuncin wasan yaƙi na kan kwali da ake jefa dayis a cikinsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibi ne a ABU ina zaune a Samaru, wani abokinmu yayansa ya kawo masa wani wasa daga waje sunansa Risk 2210, kwali ne babba mai taswirar duniya har da duniyar wata da garuruwan ƙarƙashin teku, wai yaƙin da za a yi nan gaba, kowa da 'yan sojojinsa na roba kana tsara inda zaka kai hari kana ƙulla ƙawance, in an zo gwabzawa sai a jefa dayis irin na ludo. Mu biyar muke yi duk Asabar, bama sa kuɗi sai dai wani lokaci wanda yazo na ƙarshe shi ke biyan indomi da ƙwai wajen mai shayi. Ɗan ɗakinmu yace wai kamar mun tsoma hannu ne a jinin alade. Dan Allah Malam haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana Allah ya maka albarka da ka tsaya ka tambaya, kuma kada ka ji haushin ɗan ɗakin naku dan ba daga kansa ya ƙago maganar ba, hadisi ne ingantacce a Sahihu Muslim daga Buraida, Annabi (SAW) yace wanda yayi wasa da nardashir kamar ya tsoma hannunsa ne cikin naman alade da jininsa. A Muwaɗɗa kuma daga Abu Musal Ash'ari, wanda yayi wasa da nardu ya saɓa wa Allah da Manzonsa. Shi nardu, wato nardashir ɗin, wasa ne na Farisawa, allo ne da 'ya'ya, kuma abinda ke tafiyar da shi ƙwayoyi biyu ne masu ɗigo-ɗigo da ake jefawa, irin dai waɗanda kake cewa na ludo.

Bari in fara ɗauke maka mai sauƙin, maganar indomi. Wannan kam ku daina daga yau, caca ce. Nasan zaka ce ai abin bai kai ya kawo ba kuma cikin raha ake yi, toh shari'a bata duba yawan kuɗi a nan, ta duba cewa kowannenku ya zauna ne tsakanin ko yaci na wani ko aci nasa, kuma wasa ne zai yanke. Shine maisir ɗin da Allah ya haɗa da giya a Suratul Ma'ida aya ta 90, a ta 91 kuma ya faɗi abinda shaiɗan ke so da su, ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku ya kange ku daga ambaton Allah da sallah. Kuma kai ma ka san halin da ɗalibi yake ciki a ƙarshen wata, yaro ne zai tsaya gaban teburin mai shayi yana murmushi yana ƙirga canjin da ya ajiye na kuɗin mota gobe, ba zai faɗa muku ba amma abin yana masa ciwo. In za a ci indomi kowa ya biya nasa, ko mai hali ya ciyar da ku dan Allah ba dan an cinye shi ba.

Inda aikin yake shine dayis. Wasanku ba nardu bane da idonsa, wannan gaskiya ne, kuma akwai malaman wannan zamani da suke ganin an hana nardu ne saboda da shi ake caca, dan haka in babu kuɗi suna sassautawa. Amma mafi yawan malamai na da sun tafi akan haramun ne ko da kuɗi ko babu, saboda hadisin bai ambaci kuɗi ba, cewa yayi wanda yayi wasa da shi. Imamu Malik ya kawo cewa Nana A'isha ta samu labarin wasu da suke zaune a gidanta suna da nardu, ta aika musu in basu fitar da shi ba ita zata fitar da su, kuma Abdullahi bn Umar in ya samu wani cikin iyalinsa yana yi yakan dake shi ya farfasa abin. Kaga ba ƙaramin abu suka ɗauke shi ba. Malaman Shafi'iyya sun bamu ma'auni mai kyau, suka ce duk wasan da ya dogara ga lissafi da tunani a riskar da shi da shaɗaranji, wato ces, wanda kuma ya dogara ga sa'a da abinda ƙwaya ta fitar a riskar da shi da nardu. Toh naku fa? Ka kwashe awa guda kana tsari, ka tara runduna a bakin iyaka, ka shawo kan abokinka ya bar maka hanya, duk wannan tunani ne, amma a ƙarshe mai kai hari ya jefa uku mai karewa ya jefa biyu, abinda ya fito shi zai ce waye ya mutu. Ni a fahimtata wannan ya shigar da shi ƙarƙashin hanin, kuma bazan iya ce maka ba komai ba alhali ga lafazin Annabi (SAW) a gabana da wannan tsananin.

Sai dai ba cewa nayi ku ƙona kwalin ba. Ku cire dayis ɗin ku sa doka a tsakaninku, misali mai yawan runduna shi ke ci, kowane ɓangare ya rasa adadi sananne da kuka yarje tun farko, in yaso kwamanda, wato ɗan robar da ke jagorantar runduna a wasan, ya ƙara wa mai shi ƙarfi da lamba ɗaya ko biyu. Kuma kada a ajiye dayis na roba a ɗauko na waya ko a rubuta lambobi a takarda ana zara, duk kanwar ja ce. In kun yi haka ya koma ɗan uwan shaɗaranji, shi kuma akwai saɓani a kansa. Mazhabarmu ta tsananta, Malik yace babu alheri a cikinsa, kuma duk wanda ya karanta Risala a zauren wani malami cikin birni ya wuce ta inda Ibn Abi Zaid yace bai halatta ayi wasa da nardu ko shaɗaranji ba. Imamu Shafi'i shi kuma yana ganin makaruhi ne bai kai haram ba, matuƙar babu caca babu alfasha kuma ba a tozarta sallah. Babu hadisi ingantacce a kan shaɗaranji kamar yadda ake da shi a kan nardu, shi yasa nake baka fatawa da maganar Shafi'i da waɗannan sharuɗɗan, barinsa kuma yafi ga wanda ya iya.

'Yan sojojin roba basu dame ni sosai ba, yawancinsu ma surar injuna ce, kuma abu ne da ake jujjuyawa a ƙasa ba girmama shi ake ba, Nana A'isha tana da doki mai fukafukai biyu cikin kayan wasanta Annabi (SAW) ya gani yayi dariya kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Kawai a mayar da su kwali in an gama, kada a jera su kan tebur dan ado. Cewa wai shekarar 2210 ce shima ƙagaggen labari ne, ba wanda yake da'awar sanin gaibu da shi.

Abinda nafi ji muku tsoro wallahi lokaci ne. Irin wannan wasan yakan ci awa uku ko huɗu, ku zauna bayan la'asar kan tabarma, a ɗauke wuta a kunna fitilar waya, ladan ya kira magariba wani yace bari in ƙarasa zagayena, kafin ku ankara an shiga isha'i. Ranar da haka ta faru wasan ya zama haram ko da dayis ko babu. Ku sa mutum ɗaya ya riƙe agogo, ana kiran sallah a bar komai yadda yake a tafi masallaci, kuma ƙawancen da ake ƙullawa a ciki kada wani ya rantse da Allah a kansa tunda kun san za a warware shi a zagaye na gaba. In jarabawa ta matso ku kulle kwalin sai bayan an gama.

Wallahu a'alam.