Yawan maƙala ko yawan ambato?

Malama, kin tambaya ko yawan maƙalolin da likita ya wallafa kan amosanin jini a yara ya isa ki zaɓe shi ya duba miki aikin digirinki a Jami'ar Abdou Moumouni. Bai isa ba. Ki shiga Google Scholar, shafin intanet na neman rubuce-rubucen masana, ki ga sau nawa wasu masana suka ambaci aikinsa. Akwai ma'aunin h da Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005: in ya kai 10, mutum na da maƙala 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10.

Sai dai a binciken gadon halitta ma'aunin kan ruɗi mutum. Na taɓa buɗe wata maƙala da ake ta yabo, marubuta sun cika shafi guda, sunan mutuminmu na can tsakiya, samfurin jini kawai ya aika. Ki nemi inda sunansa ya zo farko ko ƙarshe, domin galibi nan ake sa wanda ya yi aikin ko wanda ya jagorance shi. Kuma wanda ke rubutu da Faransanci nan Yamai ambatonsa kan yi ƙasa, ko da kuwa shi ne ke ganin yaran kullum a asibiti.