Wai Ana Iya Zama a Kan Gamzaki?

Tambaya: Malam, gardama ta kaure a fadarmu ta shayi a Birni. Abokina ya rantse Gamzaki duniya ce mai sanyi da ruwan sama, tunda gajimare ya lulluɓe ta. Ni na ce wuta ce. Wa ke da gaskiya? (Mai karatu daga Damagaram)

Amsa: Ɗan'uwa, kai ke da gaskiya, kodayake ban ga laifin abokinka ba. Ni ma ina yaro, in kakata ta tashe ni da asuba ta nuna min ita fara tas a gabas, aljanna nake zato.

Zafin ƙasarta ya kai digiri 465, har dalma narkewa take. Ka tuna watan Afrilu a Kasuwar Dole da digiri 43 kawai. Iskarta, kashi 96 cikin ɗari kabon dayoksaid ce, mai riƙe zafin rana kamar murfin tukunya, kuma nauyinta ya ninka na tamu sau 92. Gajimaren nan kuwa irin ruwan batir ne, kuma kafin ɗigonsa ya iso ƙasa ya ƙafe.

A 1982 kumbon Tarayyar Sobiyet, Venera 13, ya sauka can, ya aiko hotunan duwatsu, ya yi shiru bayan minti 127.