Amsa: Addu'ata ba ta wuce minti biyu

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ka ce da ka durƙusa sai kalmomi su ƙare, hankalinka ya koma shagonka na Ƙofar Ƙaura. Ni ma na daɗe a haka.

Abin da ya taimake ni shi ne daina zuwa gaban Ubangiji hannu rabbana. Nakan buɗe Littafi Mai Tsarki tukuna, in karanta Zabura ɗaya da murya, a hankali. Duk ayar da ta taɓa ni sai in tsaya, in mayar wa Allah ita da bakina, in sa sunan matata, bashin da ke kaina, har da fushina. Zabura guda 150 ce, ba za ka rasa wadda ta dace da halinka ba. Dubi ta 13: sau huɗu Dawuda yana tambayar Allah har yaushe, kuma bai ɓoye ɓacin ransa ba. Mu ne muke jin kunyar yin haka.

Lokaci kuwa, kiran sallar asuba na maƙwabtanmu shi ne agogona. Markus 1:35 ya nuna Yesu ma da sassafe ya fita yin addu'a, tun da sauran duhu. Wayar dai ka bar ta a wani ɗaki.

Ranar da bakinka ya yi nauyi, karanta Romawa 8:26, inda aka ce Ruhun Allah yana roƙo dominmu, ka yi shiru kawai. Gobe ka fara da Zabura 23, aya shida ce.