Ga ƙaninmu mai tambaya kan hoton tsuntsaye a Legas

Wa'alaikumus salam ƙanina. Ka ce ka tara kuɗi ka sayi kyamara don ɗaukar tsuntsaye da namun daji, abokan zamanka a Agege suna maka dariya wai ka koma ɗaukar biki, kuma duk fadamar da ka gano kafin ka koma an cike ta da yashi. Ka tambaya ko ka haƙura. Wallahi ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi.

Kada ka haƙura, amma ka sauya abin da kake ɗauka. Balbela a kan reshe, bayanta shuɗin sama, kowa zai ce masha Allah ya wuce. Ja da baya kaɗan. Bar tifar yashi ta shigo cikin hoton, ko katafila, ko katangar bulo da aka fara jerawa. Ka tsaya wuri ɗaya, ka riƙe alama ɗaya, ko falwaya ce ko bishiyar kwakwa, ka riƙa komawa kana ɗauka daga nan. Ranar da ka jera su, ba sai ka yi wa kowa bayani ba.

Abin da nake yi ke nan a wata fadama bayan Ajah har yaran omo onile, masu iƙirarin filayen gadonsu ne suna tatsar mutane kuɗi, suka ritsa ni. Wurin akwai zalɓe, akwai guza, akwai itatuwan nan masu saiwa tsaye cikin ruwa inda ƙananan kifi ke fakewa. Ina durƙushe, taɓo har gwiwa, ina jiran zalɓen ya caki kifi, sai na ji an finciko igiyar kyamarar ta bayan wuyana. Wai ni ɗan leƙen asiri ne, wani mai jayayyar fili ya turo ni. Na nuna musu hotunan, tsuntsu ne, tsuntsu ne, tsuntsu ne. Babbansu, wani mai jan ido da sarƙa a wuya, ya yi dariya ya ce aboki me zai yi da tsuntsu? Ya zare memorin da kansa, ya ɗaga shi ina kallo, ya cilla cikin ruwan. Sannan ya ce in biya kuɗin taka ƙasarsu. Na biya. Har kuɗin motar komawa suka karɓe, da ƙafa na fito titi, wandona duk laka, masu wucewa suna kallona. Ba kuɗin ne ke ƙona min rai ba har yau, dariyar nan ce. Kuma fa tun 2016 jihar Legas ta yi doka kan masu ƙwacen filaye. Allah ya isa. Yanzu wurin rukunin gidaje ne, da ruwan sama ya sauka titinsu ya zama kogi, tunda an toshe wa ruwan mazauninsa.

Saboda haka kada ka shiga daji kai kaɗai, ka nemi ɗan gari, masunci ya fi, ka ba shi na goro ya kai ka a kwalekwale. Da ka dawo gida ka kwashe hotuna, ka tura wasu intanet.

Kafin hannunka ya faɗa, je ka Lekki Conservation Centre, dajin da aka keɓe don kare namun daji. Gidauniyar kare muhalli ta NCF ce ta kafa shi a 1990, hekta 78 ne kacal, gidaje sun kewaye shi ta ko'ina. Ka je ranar aiki, Asabar da Lahadi hayaniyar masu hawa gadar saman nan mai tsawon mita 401 ba za ta bar ka ba. Birai sun saba da mutane, za ka samu idonsu kusa-kusa, sai dai ka ɓoye abincinka. Daga saman gadar ka juya ka ɗauki inda daji ya ƙare rufin kwano ya fara, ni a wurina wannan ya fi hoton birin daraja.

Af, danshin garin nan yana kashe gilashin kyamara, hunhuna ke tsirowa a ciki. Ƙunshin nan mai tsotse danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi, tara su ka zuba a roba mai murfi tare da kayanka.

Masu dariya kuwa, tambaye su yaushe rabon su da ganin ungulu a kwata. Muna yara a Kano korar su ake yi. Tun 2015 aka sa irin tamu cikin halittun da ke dab da ƙarewa, har yanzu kuma ana sayar da kan ungulu a wajen masu magani. Ni ma bikin nake ɗauka, da shi nake cin abinci, ba abin kunya ba ne, shi ke biya min motar zuwa Epe, garin bakin ruwa, ɗaukar tsuntsaye. Idan hunturu ya shigo shirwa za ta cika gari, tsuntsayen Turai ma suna sauka bakin ruwa. Ka yi min magana lokacin mu tafi tare, amma ka taho da takalmin roba, ba ni da na aro.