Hajiya, ƙona bola ba tsafta ba ce

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni waakye (shinkafa da wake) nake sayarwa a unguwar Nima, Accra. Yarona ya dawo daga makaranta yana cewa hayaƙin da muke fitarwa ne ke ƙara zafin gari, abin ya tsaya min a rai. Ba ni da kuɗin sola. Iyakar ƙoƙarina kullum da yamma in tara bola da robar fiya wata in ƙona don kar su toshe gota. Me zan ƙara?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Amma kafin ki ƙara komai, don Allah ki bar wannan ƙonawar.

Wallahi na gaji da jin "ai wuta ta cinye dattin". Ina ta kai shi? Roba daga man fetur ake yin ta, in kin ƙona ta carbon ɗin ya tashi sama, ga baƙin hayaƙin da ke kama zafin rana, ga guba da ke shiga ƙirjin yaran da ke wasa a lungu, sai a wayi gari yaro na tari da fuka ana cewa sanyi ne ko iska. Wayoyin lantarki da ake ƙonawa don a ciro jan ƙarfe, irin abin da aka daɗe ana yi a bolar kayan lantarki ta Agbogbloshie a Accra, sun fi muni, rufinsu na fitar da gubar dayoksin mai jawo kansa. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne hura kolpot (murhun gawayi) da roba, mace ta sunkuya tana fifita tana shaƙa, a kai kuma za a ɗora abincin mutane. Haba! Ki nemi takarda ko ƙananan itace.

Na gane tsoronki game da gota, ba wanda ya manta ambaliya da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle, Accra, ta 3 ga Yuni 2015. Na kuma san masu kwasar bola kan yi sati ba su leƙo ba bayan an karɓi kuɗin mutane, wannan zalunci ne. Duk da haka ki ware robar fiya wata a buhu, akwai masu saye da kilo. Ɓawo da ragowar abinci a ba awaki, abin da ya rage kaɗan ne, aboboyaa (babur mai ƙafa uku mai kwasar bola) ta ɗauka.

Sauran a tukunyarki yake. Ki jiƙa wake tun dare, ki rufe tukunya, in kin gama ki kashe gawayin ki adana na gobe, buhun gawayi zai daɗe. Kwan lantarki ki sa LED. In kina da tsohon firij na hannu, irin wanda Ghana ta hana shigo da shi tun 2013, shi ke shanye miki kuɗin mita. Ranar da Allah ya hore miki sabo, ki duba takardar taurarin da ke manne a jikinsa, mai taurari da yawa shi ne ya fi ƙarancin cin wuta.