Tambaya da Amsa: Yadda Ake Sanin Unguwar Bakin Birni

Tambaya: Na koma wata unguwa a bakin birni, inda sababbin gidaje suke cuɗe da gonaki da garken dabbobi. Ina so in zagaya in san wurin sosai kafin in sayi fili, amma na rasa ta inda zan fara. Me ya kamata in lura da shi?

Amsa: Malam, abu na farko shi ne ka ajiye mota ka taka da ƙafa, domin unguwa irin wannan tana tsakiyar sauyi ne, kuma abin da kake nema shi ne ka gane yadda take a da da kuma inda ta dosa. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa kashi 55 cikin ɗari na mutanen duniya suna zaune a birane a 2018, ana kuma hasashen za su kai kashi 68 a 2050, saboda haka kada ka ɗauka gonar da ke bayan katangarka za ta dawwama.

Ka fara da hanyoyi. Titin da ya miƙe sak aikin masu awon fili ne, amma turba mai lanƙwasa, wadda ta kewaye tsohuwar bishiya ko ta gangara zuwa rafi, ta girmi gidajen da ke gefenta, kuma sau da yawa ita ce za ta kai ka tsohon matsugunin da birni ya zo ya tarar. Idan ka ga doguwar hanya tsakanin shinge biyu, cike da sawun kofato, burtali ne, kuma wanda ya yi gini a kansa ya sayi rigima.

Sai ruwa, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci. Ƙasar noma tana shanye ruwan sama, siminti da kwalta kuwa ba sa sha, don haka duk gidan da aka ƙara a kan tudu yana ƙara yawan ruwan da ke kwarara zuwa kwari. Ka koma wurin bayan ruwa mai ƙarfi ka dubi gindin katangu: layin laka da ya bushe a jikin bulo zai gaya maka iyakar inda ambaliya ta kai, abin da dillali ba zai faɗa maka ba. Inda babu famfo, ka auna tazarar rijiya da masai, wadda masana tsaftar ruwa suke so ta kai mita 30.

Ka kuma fita da dare. Za ka ji iska ta fi ta cikin gari sanyi, domin gine-gine suna riƙe zafin rana su sake shi bayan faɗuwarta, bambancin da masanin yanayi ɗan Ingila, Luke Howard, ya auna tsakanin Landan da karkararta tun 1818. Wannan sanyi yana raguwa gwargwadon yadda ake sare itatuwa.

Game da makomar gonakin, tsofaffin manoma sun san tarihin kowace iyaka, amma hukumar tsara birni ce take riƙe da taswirar abin da za a yi. Wasu biranen sun keɓe filayen da ba a yarda a gina ba, kamar yadda Landan ta yi da dokar 1938, wasu kuma sun riga sun zana manyan tituna a kan gonakin da ake shukawa yanzu. Ka nemi ganin wannan taswira kafin ka biya ko sisi.