Amsa ga mai son kai Hajiya da yara Scarborough a watan Agusta

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin tambaya ko ya dace ki kai Hajiya, wadda za ta zo daga Kano kuma take fama da ciwon gwiwa, tare da yaranki biyu garin Scarborough da ke bakin teku a Ingila a watan Agusta, da kuma ko wuni ɗaya daga Leeds zai ishe ku ko sai an kwana. Na yi shekara shida a York, na je garin sau da dama, sau biyu daga ciki tare da tawa mahaifiyar, saboda haka abin da zan faɗa miki na gan shi da idona. Ki kai ta, amma ku kwana biyu, kuma ki tsara tafiyar a kan abu biyu da tunanin baƙo ba ya kaiwa gare su sai ya je: tudun garin da cikar teku.

Jirgin ƙasa daga Leeds yana bi ta York, tafiyar kuma ba ta cika wuce awa ɗaya da rabi ba. Idan da mota za ku je, hanyar A64 tana cushewa sosai ranakun Asabar da Lahadi na lokacin hutun makaranta, musamman ƙarshen makon da ya haɗa da Litinin ta ƙarshe a Agusta, wadda ranar hutu ce a Ingila. Talata zuwa Alhamis sun fi sauƙi ta fuskar cunkoso da kuɗin masauki. Mutanen yankin suna furta sunan garin kamar "Sikabra", yana da kyau Hajiya ta ji shi haka tun daga gida don kada sanarwar jirgi ta rikita ta.

Batun tudu shi ne na farko. Tashar jirgi da kasuwa da yawancin masaukai suna sama, rairayi da tashar jiragen kamun kifi suna ƙasa, tsakaninsu kuwa gangara ce mai tsauri. A zuwanmu na farko na kama ɗaki a wani ƙaramin gidan baƙi saboda an rubuta cewa yana kallon teku, ban tambayi hawa na nawa ba ne, sai muka tarar da shi a hawa na uku, matakala ƙunci, babu na'urar hawa bene. Mahaifiyata ta hau sau ɗaya da daddare, washegari ta kasa saukowa sai bayan azahar, kuma abin ya tsaya mini a rai har yau. Yawancin waɗannan gidaje tsofaffin gine-gine ne na zamanin Sarauniya Biktoriya, dogaye sirara. Ki buga musu waya kafin ki biya, ki nemi ɗakin ƙasa, ki kuma tambaya ko akwai matakala a ƙofar shiga. Don sauka bakin ruwa, akwai wasu ƙananan taragu da igiyar ƙarfe ke ja a jikin tudun. Wanda ke tsakiyar gari, kusa da babban otal ɗin Grand, yana aiki tun 1881, saukar ba ta kai minti biyu ba, kuɗinsa kaɗan ne, kuma shi ne ya raba mahaifiyata da wahalar gangarar gaba ɗaya. Yara ma suna jin daɗinsa ƙwarai.

Shi kansa otal ɗin Grand ya cancanci a tsaya a dube shi daga rairayi. An buɗe shi a 1867, kuma an gina shi bisa lissafin shekara: hasumiya huɗu, hawa 12, bututun hayaƙi 52, da ɗakuna 365 a farkonsa. Girmansa yana nuna irin kuɗin da ya shigo garin bayan layin dogo ya iso daga York a 1845. Tun kafin nan masu hali suna zuwa shan ruwan wata maɓuɓɓuga da aka gano a gindin tudun kudu wajen 1626, wadda aka yi imani tana maganin cututtuka, daga shan ruwan aka koma wankan teku, shi ya sa ake kiran garin wurin shaƙatawar bakin teku na farko a Ingila. Ginin Spa da za ku gani a ƙarshen gaɓar kudu a wurin maɓuɓɓugar yake, yau zauren kiɗa da taro ne.

Na biyu shi ne cikar teku, kuma a nan nake roƙonki ki ba ni hankalinki. Ruwan yana cika ya janye sau biyu a kowane wuni da dare, lokacin kuma yana matsawa gaba da kimanin minti 50 kullum. Idan ya janye za ki ga fili na rairayi mai faɗi wanda yara za su yi gudu su haƙa rami, a hau jakuna, a tsinci ƙananan kaguwa a kududdufan duwatsu. Idan ya cika, a gaɓar arewa yakan zo har jikin katangar da aka yi masa, a gaɓar kudu kuma ɗan siririn wuri ne ke raguwa, jama'a duk su matsu a cikinsa. Wanda ya zo wuni ɗaya ya faɗa kan cikar ruwa da tsakar rana zai koma gida yana cewa babu komai a garin. Jadawalin yana intanet kyauta, ana kuma liƙa shi a bakin ruwa, ki duba shi kafin ki zaɓi ranakun. Idan yara za su shiga ruwa, su tsaya tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya, nan ne ma'aikatan ceto ke sa ido. Jar tuta zalla tana nufin kada kowa ya shiga. Idan wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, 999 ake bugawa a nemi masu tsaron gaɓa. Ruwan Tekun Arewa yana da sanyi ko a Agusta, bai cika wuce digiri 15 ba, yaro zai fito leɓensa na rawa, don haka a riƙe tawul babba da kayan canji. Ita ma Hajiya a tanadar mata rigar sanyi da safa da mayafi mai kauri, domin iskar bakin ruwa ba ta san watan zafi ba. Wani lokaci kuma hazo yakan taso daga teku ya rufe gaɓar cikin ɗan lokaci, kamar hazon hunturu amma jiƙaƙƙe, alhali 'yan kilomita kaɗan a cikin ƙasa rana na haskawa.

Garin yana da gaɓa biyu, wani babban tsauni ya raba su, a kansa kuma akwai kangon ganuwar da Sarki Henry na Biyu ya gina hasumiyarta a ƙarni na 12. Jiragen yaƙin Jamus sun yi wa garin da ganuwar ruwan harsasai ranar 16 ga Disamba 1914. Daga can sama ana ganin gaɓar biyu a lokaci guda, kuma a ganina babu wurin da ya kai shi kyau a garin, sai dai ku hau da tasi har ƙofa, kada Hajiya ta gwada da ƙafa. Gaɓar kudu ita ce mai hayaniya: shagunan askirim da alewa, jiragen yawon shaƙatawa, da gidajen wasa masu fitilu. Ki sani cewa yawancin na'urorin gidajen wasan nan na jefa kwabo a ci kwabo ne, wato caca ce ko da kuɗin ƙanƙane ne, ni nakan yi wa yarana bayani tun a jirgi don kada a yi ta ja-in-ja a bakin ƙofa. Gaɓar arewa ta fi natsuwa, kuma kusa da ita lambun Peasholm yake, wanda aka buɗe a 1912 bisa salon lambunan Japan, da tafki da tsibiri a tsakiya da kujeru ko'ina. A nan mahaifiyata ta fi sakewa, ta zauna da carbinta awa biyu yara na tuƙa kwalekwale a gabanta. Akwai ɗan ƙaramin jirgin ƙasa na yara tun 1931 da ke tashi daga gefen lambun zuwa ƙarshen gaɓar, a lokacin bazara kuma motocin bas marasa rufi suna zirga-zirga tsakanin gaɓar biyu ta gindin tsaunin.

Abincin wurin shi ne soyayyen kifi da dankali, amma ki yi tambaya biyu kafin ki saya. Al'adar wannan yanki ce a soya da kitsen saniya, wanda ba yankan Musulmi ba ne, wasu kuma suna kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin da giya. Akwai masu soyawa da man girki zalla, kuma duk inda na tambaya an gaya mini gaskiya ba tare da ɓata rai ba. Alewa mai danƙo ma a duba jikin leda saboda sinadarin jelatin da akan samo daga fata da ƙashin dabbobi. Ki taho da yajinki da filas na shayi, Hajiya za ta sa miki albarka. Kuma kada yaro ya riƙe abinci a sarari yana tafiya, fararen tsuntsayen tekun nan suna fizge shi daga hannu kamar yadda shirwa ke fizgar nama, manya ne, suna iya tsorata ƙaramin yaro. Akwai ƙaramin masallaci a cikin gari. A tsakiyar Agusta rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas da rabi, don haka kuna da dogon yammaci bayan la'asar, kuma nisan tafiyar daga Leeds ya haura kilomita 100, ya kai a yi ƙasaru.

Dalilin da ya sa na dage kan kwana biyu shi ne Whitby, wanda ke kimanin kilomita 32 a arewa. Layin dogon da ya haɗa garuruwan biyu an rufe shi tun 1965, ya zama hanyar masu keke da masu tafiya da ƙafa, don haka bas mai lamba X93 za ku hau, tafiyar kusan awa ɗaya. Ku zauna a saman bas idan gwiwar Hajiya ta yarda, domin hanyar tana ratsa gefen dajin North York Moors, tuddai marasa itatuwa waɗanda a Agusta wata gajeriyar ciyawa ke lulluɓe su da furanni shunayya iya ganin ido. Ban taɓa ganin ƙasa ta canza launi haka ba, kuma watan da kika zaɓa shi ne lokacinsa. Whitby garin masunta ne da kogin Esk ya raba biyu, a saman tudun gabas kuma akwai kangon wani gidan ibada na Kirista wanda asalinsa ya koma shekarar 657. Ana hawa wurin ta matakala 199, yara za su so su ƙirga su, amma akwai hanyar mota da wurin ajiye ta a sama, sai ki tura Hajiya da tasi ku haɗu a can. A wannan garin ne James Cook, shahararren matuƙin jirgin ruwan Ingila, ya koyi aikin jirgin ruwa, gidan da ya zauna yana matashi ya zama gidan tarihi, jirgin da ya kai shi Ostareliya ma a nan aka ƙera shi.

Bas ɗin yana tsayawa a Robin Hood's Bay, ƙauye mai kyau da lunguna ƙunci wanda ya yi suna da fasa-ƙwauri a ƙarni na 18. Gangararsa ta fi ta Scarborough tsauri nesa ba kusa ba, motocin baƙi kuma a sama suke tsayawa, don haka ban ba ki shawarar sauka da dattijuwa ba. Duk inda kuka bi ta saman gaɓa a wannan yanki, a riƙe hannun yara, a tsaya kan hanyar da aka shata, saboda ƙasar tana zaftarewa. A 1993 wani ɓangare na wani otal a kudancin Scarborough ya rufta da tudun da yake kai.

Idan kun sami safiyar rana ta uku kafin jirgin komawa, jirgin da ke zuwa Hull yana tsayawa a Filey cikin kwata ɗin awa. Ƙaramin gari ne mai doguwar rairayi da shimfiɗaɗɗiyar hanya a bakin ruwa, babu hayaniya, kuma a nan ne kawai mahaifiyata ta cire takalmi ta taka ruwan da ƙafarta. Gaba kaɗan akwai duwatsun Bempton inda dubban tsuntsayen teku ke sheƙa, amma daga tasha zuwa wurin akwai tafiya, sai da mota. Idan kin tsayar da ranakun, ki rubuto su a nan in duba miki lokacin janyewar ruwa. Allah ya kawo Hajiya lafiya, a gaishe ta da yaran.